Ragon Ƙofar Hamida

A gidan Baba Maccido da ke Aliero ba a zuwa kasuwa sayen ragon suna. Tsohon yana da nasa tsarin. Da zarar yaron ɗaya daga cikin matan 'ya'yansa ya saki bango ya taka ƙasa da ƙafarsa, washegari uwar za ta tashi ta tarar da ɗan rago a ɗaure a turken ƙofar ɗakinta. Shi ba ya cewa komai, ita ma ba ta tambaya. Za ta yi ta ba shi dusa da harawa, kafin ya cika rago ita ma cikinta ya isa haihuwa, sai a yanka a raɗa suna ba tare da an je neman taimako wurin kowa ba. Baba Maccido yana alfahari da wannan dabara fiye da yadda yake alfahari da albasarsa, kuma ba ta taɓa kuskure masa ba sai a kan Hamida, matar ɗansa Muhsin.

Ragon Hamida ya daɗe da wuce lokacinsa. Babbar Sallah ta zo ta same shi a turke, ta sake zagayowa ta same shi a nan. Ƙahonsa ya murɗe ya zagaye kunne, wuyansa ya yi kauri kamar turmi, in ya yi kuka sai kaji su watse. Matan gidan suka sa masa suna Alhaji Jirau. Luba, matar wan Muhsin, ba ta wuce shi da safe ba tare da ta russuna ba.

“Ina kwana, Alhaji? Har yanzu ba labari? To, a ƙara haƙuri, masu abin ba su shirya ba.”

Hamida takan yi dariya tare da su, ta zuba masa dusa, ta shafa goshinsa. Ba ta jin haushin ragon. Abin da ke cin ranta shi ne duk wanda ya shigo gidan, kafin ya gaishe ta sai ya dubi ƙahon ragon, sannan ya dubi cikinta.

Abin da ba su sani ba ya samo asali ne daga haihuwarta ta huɗu. Haihuwar ta zo mata a kan jikin da bai warke daga ta baya ba, jini ya ɓalle, aka ɗauke ta a bayan motar albasa zuwa asibiti a Jega, ba ta san wanda ke kanta ba. A lokacin ba a daɗe da cire albasa ba. Muhsin ya jibge tasa a rudu, rumfar karan nan da ake adana ta a jira ta yi tsada. Dole ya buɗe rudun a ranar, ya kwashe noman shekara guda ya sayar a lokacin da albasa ta cika kasuwa har ana taka ta, don a sayi jini da magani. Hamida ta tashi, amma daminar nan tuwo sau ɗaya suka riƙa ci a rana, gona ba ta ga taki ba, babbar 'yarsu Umaima ta yi ta zuwa makaranta da ƙafa ba takalmi.

Malamar asibitin ta zaunar da su su biyu ta gaya musu gaskiya: in ciki ya sake shiga kafin jikin ya huta sosai, ba ta da tabbacin za a samu uwar. Muhsin ne ya fara cewa a saka mata abin hutun haihuwa. Aka sa wa Hamida ɗan siririn abin nan da mata ke kira ashana, a ƙarƙashin fatar damtsenta na hagu. A hanyar komawa Aliero, tana bayansa a kan babur, iska na kaɗa mayafinta, ya rage gudu ya ce mata abu ɗaya yake roƙo: kada iyayensa su ji. Ba zai iya buɗe baki ya yi irin wannan magana a gabansu ba. Ta kwantar da kanta a bayansa ta ce ta ji. A ranar nan, da ya ce ta riƙe garwashi a hannu ma, da ta riƙe.

Tun daga nan jini ya dawo fuskarta. Rudun Muhsin ya kai lokacin tsada har sau biyu ba a taɓa shi ba, ya sauya kwanon ɗakinsu da ke yoyo, yaran suka yi kumatu. Sai dai Inna Yalwa, mahaifiyar Muhsin, ta ɗauka ciwo ne ya hana surukarta ɗaukar ciki. Ta shiga neman magani har Maiyama, tana kawo sassaƙe tana jiƙawa, kullum da safe ta miƙa wa Hamida ƙoƙo. Hamida takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, in tsohuwar ta juya sai ta tuttule shi a bayan turke.

Wata safiya matan na zaune a tsakar gida suna ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, Inna Yalwa ta miƙa ƙoƙon ta juya, sai ta tuna ta bar carbinta a kan tabarma. Tana waiwayowa ta ga jiƙon yana malala a ƙasa, Alhaji Jirau yana shinshinawa. Ta yi tsalle ɗaya kamar ba tsohuwa ba ta damƙi damtsen Hamida. Sai ta tsaya cik. Babban yatsanta ya danna wurin, ya sake dannawa.

“Mi ne ne wanga a hannunki?”

Hamida ta dubi Luba, Luba ta sunkuyar da kai cikin albasa. Ƙarya ta zo har bakinta, ta ji ta gaji da ɗaukarta.

“Ashana ce, Inna.”

“Ashana cikin nama?”

“Ta asibiti. Ta hutun haihuwa.”

Inna Yalwa ta saki hannun kamar ya ƙone ta. “Innalillahi! Ina ta yawo rana tana dukana, ina shiga mota ina hita, ina roƙon Allah Shi buɗe miki mahaihwa, ashe ke kinka kulle ta da hannunki! Kina kallona ina jiƙa magani kina zubarwa! Ragon ga yana ta cin harawar banza, malam yana saye yana ƙarawa, ashe wasa kike da mu!”

“Na yi laihi da na bari kina wahala, Inna, ki gahwarce ni a kan wannan. Amma harawar rago ta hi ledar jini arha.”

“Ji bakinta! Ni nan da kike gani goma sha ɗaya na haihwa. Biyar sunka koma, ban ce na gaji ba. Wa za shi yi noman albasar ga in kowace ta ce ta gaji?”

Muryar tsohuwar ta yi rawa a kan kalmar biyar, Hamida ta ji abin har cikin ƙirjinta. Duk da haka ba ta sunkuya ba.

“Allah Shi jiƙan waɗanda sunka koma. Ni huɗun da Ya ba ni nake so in gani sun girma, su ma su gan ni. Ban ce na daina ba, Inna. Hutawa nake.”

“To ki huta a gidan ubanki! Gobe kasuwar Jega. Ki bi mota ki tahi a cire abin ga, ki dawo ki nuna min wurin. In ba haka ba ki zarce gidanku Dangamaji, kada in sake ganin ƙahwarki a nan.”

Ta shige ɗakinta ta ja labule. Luba ta ɗago a hankali ta raɗa, “Ke, da zahi in ana sakawa?” Hamida ta ci gaba da ware albasa.

Da la'asar ta sami Muhsin a bayan gida, ya cusa rabin jikinsa cikin rudu yana juya albasa don iska ta shiga. Labari ya riga ya kai masa. Ya fito da ɓawon albasa a gashinsa, idonsa ja, kuma ta san ba yajin albasa ba ne kaɗai.

“Hamidatu, na samo dabara,” ya ce da sauri. “Gobe in kai ki a cire, ki nuna wa Inna tabon, hankalinta shi kwanta. Kahin mu baro asibitin sai a yi miki allurar hutu. Ita ba mai lalubo ta a hannu.”

Ta dube shi. Wannan ne mutumin da ya taɓa tako ƙafa daga Jega zuwa Dangamaji cikin ruwan sama don kawai ya kawo mata turare a zamanin da yake neman aurenta. Har yanzu in ya yi murmushi sai ta ji kamar ranar ce.

“Sannan kuma, Baban Umaima? Inna ta koma jiƙa magani, ni in koma zubarwa? Ragon ga shi ƙara shekara a ƙohwata, kowa na duba min ciki?”

“Na ɗan lokaci ne.”

“Ban iyawa. Ba sata na yi ba. Ba wani namiji na bi ba. Da kai munka zauna gaban malamar, kai ka hwara cewa a saka. Don mi zan riƙa ɓoye hannuna kamar mai kuturta?”

“Iyayena ne, Hamida. Ta ina zan hwara? In ce wa Baba mi?”

“Ka ce masa abin da ka ce min a kan babur. Ka ce gara ka rasa rudu goma da ka sake ganina a bayan motar nan.” Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. “Ni ba ni cirewa. Kuma ba ni tahiya Dangamaji da ƙahwata, sai in kai ka ce in tahi. Gobe da sahe zan mayar wa Baba ragonsa.”

Muhsin ya zaro ido. “Ki mayar? Ba a taɓa yi ba! Ke da ko gaisuwa daga bayan zana kike masa?”

“To gobe za a hwara.”

Ta kai hannu ta cire masa ɓawon albasar daga gashi, ta juya ta bar shi tsaye.

Da hantsi ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta yafa mayafi. Ta durƙusa ta kwance igiyar daga turke. Kullin ya daɗe har ya ci cikin itacen, sai da ta sa haƙori. Alhaji Jirau ya miƙe, ya girgiza jiki, ya biyo ta da taƙama ta tsakiyar gida. Mata suka bar daka. Inna Yalwa ta ɗaga labule ta bi su da kallo.

Baba Maccido yana zaune a zaure a kan buzu, tare da abokinsa Buba mahauci, wanda ya daɗe yana zawarcin ragon ana hana shi. Buba ne ya fara ganinsu.

“Kai, Maccido! Yau ga nama ya kawo kansa!”

Sai ya ga wadda ke riƙe da igiyar, dariyar ta maƙale masa. Hamida ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi gaisuwa, ta tura bakin igiyar gaban buzun. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa tsayawa gaban surukinta haka ba.

“Baba, na kawo maka ragonka. Ba sunan da za a yi a ɗakina bana, ko baɗi. Ni na sa anka saka min abin hutu a asibiti, don an ce in na sake ɗauka yanzu ba lalle in tashi ba. Inna ta ce in cire ko in tahi gidanmu. Ba ni cirewa. Na ga bai kamata ka yi ta sayen harawa kana jiran abin da na san ba shi zuwa ba.”

Tsohon bai dube ta ba. Ya ci gaba da jan carbi, idonsa a kan igiyar. Buba ya fara laluben takalminsa, Baba Maccido ya ɗaga masa hannu alamar ya zauna.

“Mijinki ya sani?”

Wannan amsar ba tata ba ce, kuma ta rantse a ranta ba za ta ɗauke masa ita ba. Ragon ya sa baki yana cin gefen tabarmar Buba. Ta fara tunanin yadda za ta ɗaure kayan yara huɗu a zane ɗaya.

Sai inuwa ta rufe ƙofar zauren ta ciki. Muhsin ya shigo da wani ƙunshi a hammata, ya wuce inda 'ya'yan gida ke durƙusawa, ya zo ya durƙusa daidai kafaɗarta.

“Na sani, Baba. Ni na ce a saka. Ni kuma na ce ta ɓoye, don ban da ƙarhin halin hwaɗa maka.”

Ya ajiye ƙunshin ya buɗe shi. Farin yadi ne sabo, ko ninkin kanti bai warware ba.

“Ranar nan a Jega, da jini ya ƙi tsayawa, ka ja ni gehe ka ce in shiga kasuwa in sayo wanga mu ajiye, kada dare shi yi mana ba shiri. Na sayo. Allah Ya tashe ta. Tun ran nan yana ƙarƙashin buhunan iri, ban iya ɗinka shi riga ba, ban iya bayar da shi ba. Baba, ban son in warware shi. In ɗiya ne, Allah Ya ba mu huɗu, in ta huta Ya ƙaro muna so. Amma wagga ɗaya ce gare ni.”

Hamida ta zuba wa yadin ido. Ba ta taɓa sanin an saye shi ba. Ta ga tsawonsa a ninke, ta gane likkafaninta ne, har an auna. Wani abu ya taso mata daga ciki, ba kuka ba, ba tsoro ba, wani zafi mai tsayar da baya. Ta ɗaga kai.

Baba Maccido ya ajiye carbin. Ya kai hannu kamar zai taɓa yadin, ya fasa.

“Ni dai ban saba da wanga abu ba,” ya ce daga ƙarshe. “Ubana bai yi ba, ni ban yi ba, kuma ba zan ce ya yi min daɗi ba. Amma ni na aike ka kasuwar, ban manta ba.” Ya tura igiyar da ƙafa ta koma gaban Hamida. “Abin da na ɗaure a ƙohwar mutum ba ni kwancewa. Rago naki ne. Maganar Dangamaji kuma, ba mai tahiya ko'ina. Ni zan hwaɗa wa uwarku.”

Buba ya yi gyaran murya. “To tunda nata ne, 'yata, sai mu yi ciniki. Wallahi in ba ki kuɗin da za ki...”

“Ba na sayarwa ba ne, Baba Buba. Yanka min za ka yi.”

“Yanka? Da sunan wa?”

“Raguna huɗu anka yanka a ƙohwata. Duk ina kwance, anka raba wa gari, ni romo kawai na gani. Malamar asibiti ta ce in riƙa cin hanta da nama, na ce mata to, don kunya. Wanga ni na yi kiwonsa, ni zan ci, da ɗiyana.”

Muhsin ya dube ta, dariya da hawaye suka haɗu a fuskarsa. Buba ya dubi abokinsa yana jiran a hana. Baba Maccido ya ɗauki carbinsa.

“Mi kake kallona? Mai rago ta yi magana. Tashi ka ɗauko wuƙarka.”

Kafin azahar ƙamshin suya ya cika unguwa, maƙwabta suna leƙowa suna tambayar wa ta haihu. Luba ce ke amsa musu daga bakin murhu: “Ba wadda ta haihu. Alhaji Jirau ne ya gaji da jira.” Hamida ta zuba nama mai taushi a kwano ta kai ƙofar Inna Yalwa da kanta, ta yi sallama. Ba a amsa ba. Ta ajiye a bakin labule ta dawo. Ta san wannan fushin zai daɗe, kuma ta shirya zama da shi.

Ta zauna a tsakiyar gida inda kowa zai gan ta, ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa saboda zafin wuta, ɗan tabon damtsenta a fili. Ta yanka hantar ta ba Umaima da ƙannenta, ta ɗauki babban yanki ta ci a hankali, mai yana bin yatsunta. Muhsin na tsaye a bakin ɗaki yana kallonta kamar yau aka kawo ta.

Wutar ta fara ja da baya, Luba ta ce itace ya ƙare. Hamida ta tashi ta nufi ƙofar ɗakinta. Ta kama turken da hannu biyu, ta girgiza shi gaba da baya har ƙasa ta sake shi, ta jawo shi ta cusa a ƙarƙashin tukunya. Busasshe ne, nan da nan ya kama.